Me ya sa kusurwa ɗaya ta hasumiyar Rochester ta fita daban?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tambaya ga masana gini da tarihi. Babbar hasumiyar kagarar Rochester, a kudu maso gabashin Ingila, tana da ƙananan hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Uku masu kusurwa ne, ta huɗun kuwa zagayayya ce. Gini ɗaya, amma sai ka rantse magina biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ba. Kuskure ne, ko da dalili?

Malam Na-Tarihi: Wa alaikumus salam. Lallai magina biyu ne, kuma tsakaninsu kusan shekara ɗari. An fara hasumiyar wajen 1127, tsayinta ya kai mita 34, kaurin bangonta daga ƙasa ya doshi mita uku da rabi. Da fari duk kusurwoyin iri ɗaya ne. A Oktoban 1215 manyan ƙasar da suka yi wa Sarki John tawaye suka kama wurin, sarki ya zo da kansa ya yi musu ƙawanya. Ya kafa majaujawa biyar suna ruwan duwatsu, hasumiya ko gezau. Sai ya aika Canterbury a ƙera masa diga dare da rana, ya sa aka haƙa rami ta ƙarƙashin kusurwar kudu maso gabas. Akwai takardarsa ta 25 ga Nuwamba inda yake umartar a aiko masa da aladu arba'in masu kitse, irin waɗanda ba su da daɗin ci, don a cinna wuta a ƙarƙashin ginin. Kusurwar ta zube. Da aka zo gyara a zamanin ɗansa Henry na Uku, a shekarun 1220, yayin da ake ciki shi ne zagayayyen gini, sai aka mayar da ita haka.

Maman Hanif: Malam, ka bar abin da ya fi ban sha'awa. Kusurwa ta faɗi amma kagara ba ta faɗi ba. Akwai katangar dutse da ta raba hasumiyar gida biyu tun daga ƙasa har sama, kuma rijiyar wurin a jikin wannan katangar take, kowane bene yana da kafar ɗiban ruwa. Mutanen suka ja baya zuwa ɗaya rabin suka toshe ƙofofi. Yunwa ce ta fito da su ranar 30 ga Nuwamba, bayan sun koma cin dawakinsu.

Baban Ummi: To yanzu Injiniya, ta yaya wuta za ta rushe dutse? Kitse dai ba albarushi ba ne.

Injiniya: Ba dutsen ake ƙonawa ba, Baban Ummi, itacen da ke riƙe da dutsen ake ƙonawa. Ga yadda aikin yake.

Ana fara ramin daga nesa, inda kibiya ba ta kaiwa, ko a ƙarƙashin rumfar katako da aka lulluɓe da ɗanyar fata don kada a jefo mata wuta. Ramin ba shi da faɗi, daidai mutum ya sunkuya ya ja kwandon ƙasa. Duk taku kaɗan sai a kafa tokara biyu a gicciya katako a sama. Idan an iso harsashin, sai a buɗa ramin ya zama ɗaki. Nan ne aikin gwaninta: ana cire duwatsun harsashi ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka cire a maye gurbinsa da gungume nan take. A ƙarshe kusurwar gaba ɗaya tana tsaye ne a kan itace, na sama ba su sani ba. Sai a cusa ƙirare da ciyawa da kitse, a cinna, kowa ya fita da gudu. Amfanin kitsen shi ne gumaguman ɗanyu ne, ramin da laima, iska kuma kaɗan ce, wutar ƙirare kaɗai sai ta mutu kafin ta cinye su.

Abin da ke lalata aikin: idan an ƙaranta tokara, gini ya danne mahaƙa tun kafin lokaci. Idan an yawaita ta ko ta yi kauri, wuta ta ci rabi ta bar rabi, bango ya tsage kawai ya zauna. Idan an auna nisa ba daidai ba, a ƙone ɗaki a filin banza, taku biyar kafin harsashi. Sai hayaƙi, wanda ba ya tambayar ɓangaren wa kake.

Dalilin zaɓen kusurwa kuwa, bango biyu ne suka haɗu a wurin, kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Ka cire musu ƙasa, su biyun su buɗe. Ga shi kuma mai harbi daga saman bango ba ya ganin abin da ke gindin kusurwa sai ya leƙo da rabin jikinsa.

Ɗan Magina: Injiniya ya yi bayani, amma a ƙara da yadda bangon kansa yake, don shi ya sa ake iya cire masa gindi bai zube nan take ba. Bangon kagara ba dutse ne sassaƙaƙƙe tun daga wannan fuska har waccan ba. Fuska biyu ake ginawa, ta waje da ta ciki, da dutse mai kyau. Tsakaninsu a zuba tarkacen duwatsu da kwaɓi, a daddanna. Ana hawa sahu-sahu: a ɗaga fuskokin kamar kamu ɗaya ko biyu, a cika ciki, a daidaita, a sake.

Kwaɓin ba siminti ba ne. Dutsen farar ƙasa ake ƙonawa a matoya, zafi ya kai digiri 900, kwana da kwanaki ana ƙara itace ba a bar wuta ta lafa ba. Abin da ya fito, in ka zuba masa ruwa sai ya tafasa da kansa, yana iya makanta mutum. Bayan ya sha ruwa ya kwanta, a haɗa kashi ɗaya da yashi kashi biyu zuwa uku. Wannan kwaɓin ba ya kamawa cikin kwana biyu kamar siminti, iska yake sha a hankali yana komawa dutse daga waje zuwa ciki. A bango mai kaurin mita uku, cikin yakan ɗauki shekaru bai gama ƙarfi ba. Amma in ya kama, bangon ya zama dunƙule guda, shi ya sa a kangwayen Turai za ka ga ɓangaren hasumiya ya faɗi ya kwanta a ƙasa bai wargaje ba.

Maman Hanif: Ni dai ban yarda da maganar da ake yawan yi ba, wai zagayayyar hasumiya ta kashe dabarar haƙa rami. Ku duba kagarar Château Gaillard a Normandi, arewacin Faransa. Richard, yayan John ɗin nan, shi ya gina ta tsakanin 1196 da 1198, hasumiyoyinta zagayayyu, tana kan dutse a saman kogin Seine. A farkon 1204 mutanen Sarki Philip na Faransa suka cike gwalalo, suka iso gindin hasumiyar farfajiyar waje, suka ƙwaƙule ta, suka sa wuta, ta zube. Ranar 6 ga Maris wurin duka ya faɗi. Haka a Dover ta Ingila a 1216, mutanen Yarima Louis na Faransa suka haƙe ƙarƙashin ƙofar arewa suka kayar da hasumiya ɗaya, sai da masu tsaro suka toshe gurbin da gumagumai suna faɗa hannu da hannu.

Injiniya: Hajiya, ba mu saɓa ba. Zagaye ba magani ba ne, rage asara ne. Abu uku yake yi. Ba shi da kusurwar da nauyi ya taru a kai, don haka sai an cire harsashi mai yawa kafin ya motsa. Dutsen majaujawa in bai same shi tsakiya cif ba sai ya goce. Kuma hasumiyar da ta turo kai waje daga bango tana ba maharba damar harbi a tsawon gindin bangon, daga wannan hasumiya zuwa waccan, babu inda mahaƙi zai fake. Wannan na ukun ya fi sauran muhimmanci, shi ya sa tazarar da ke tsakanin hasumiyoyi ba a barinta ta wuce inda baka ke kaiwa da kyau.

Suna kuma ƙara wa gindin bango kauri, ya sauko a karkace. Mai haƙa sai ya ci dutse ninki kafin ya kai inda yake so, kuma dutsen da aka saki daga sama in ya daki karkacen sai ya yi tsalle ya nufi mutane.

Malam Na-Tarihi: Maganin rami na gaskiya biyu ne: fa ko ruwa. Ko ka ɗora ginin a kan dutsen da diga ba ta ci, ko ka kewaye shi da tafki yadda duk ramin da aka fara zai cika. Kenilworth ta Ingila tafkin da aka tare da madatsa ne ya kewaye ta. A 1266 aka yi mata ƙawanya wajen wata shida, ba a iya haƙa ba, aka kawo jiragen ruwa ma abin bai yiwu ba, sai cuta da ƙarewar abinci suka sa aka miƙa wuya. Gilbert de Clare, wani babban basaraken Ingila, ya ga wannan, da ya fara Caerphilly a kudancin Wales a 1268 sai ya tare ƙoramu ya yi mata tafkuna.

Inda babu ko ɗaya, sai a tari rami da rami. Masu tsaro sukan ajiye kwanon ruwa a ƙasa a wurare daban-daban, inda ruwan ke rawa nan ake sara a ƙarƙashi. Sai su fara nasu ramin su tare na abokan gaba, a yi faɗa a cikin duhu, ko a tura musu hayaƙi. A Carcassonne ta kudancin Faransa a 1240 haka aka yi ta yi, kuma duk inda aka ga bango zai tafi, sai a gina wata katanga a bayansa tun kafin ya faɗi. A St Andrews ta Sikotland ramin 1546 da wanda ya tare shi suna nan har yau ana shiga. Ana ma ganin ramukan da masu tsaro suka fara suka bari don sun ɓata hanya, suna bin sauti a cikin dutse.

Ɗalibi: Gafara dai malamai, ina da ƙaramar tambaya. Tafasasshen man da ake zuba wa masu hawa bango fa?

Maman Hanif: Ɗana, mai yana da tsada, kuma abinci ne a wurin da ake lissafin kowace loma. An yi amfani da shi jefi-jefi, amma abin yau da kullum duwatsu ne, da tafasasshen ruwa, da yashi mai zafi wanda ke shiga ta kafofin sulke, da garin ƙonanniyar farar ƙasa don ido. Ta inda ake sakinsu shi ne abin lura. Da farko baranda ce ta katako da ake rataya wa a saman bango lokacin yaƙi, tana da ramuka a daɓenta. Matsalarta wuta. Daga baya aka riƙa yinta da dutse a kan duwatsun da suka turo kai. In ka ga jerin ramuka murabba'i dab da saman bango, yawanci gurbin gumaguman wannan barandar ne.

Ɗan Magina: Sai dai a bambanta su da ramukan da ke warwatse a jikin bango tun daga ƙasa. Waɗannan na dandamalin magina ne. Ana sa gungume a cikin bango ana hawa, a shimfiɗa katako a kai, in an gama a zare. A kagarorin Harlech da Conwy na arewacin Wales ramukan suna hawa a karkace suna zagaya hasumiya, don gangara aka yi ta katako ana jan kaya a kai. Wannan salo na mutanen Savoy ne, ƙasar da babban maginin Sarki Edward na Ɗaya, James na St George, ya fito.

Dattijo: Kun yi ta maganar yadda ake rushewa. Ni abin da nake so matasa su gane shi ne kuɗi. Kagara da yawa ba abokin gaba ne ya hana su tsayawa ba, baitulmali ne. Beaumaris, a tsibirin Anglesey na Wales, an fara ta a 1295. A Fabrairun 1296 shi James ɗin da abokin aikinsa suka rubuta wa ma'aji suna lissafa abin da ke hannunsu: magina 400, lebura 2,000, masu fasa dutse 200, maƙera 30, amalanke 100, manyan kekunan kaya 60, jiragen ruwa 30. Suna neman aƙalla fam 250 duk mako, suna cewa ma'aikata na guduwa don ba a biya su ba. Ku auna da lada: gwanin magini kwabo huɗu a yini, lebura kwabo biyu, fam ɗaya kuma kwabo 240. Sarki ya juya wajen yaƙin Sikotland, kuɗi suka bi shi. Har yau hasumiyoyin Beaumaris ba su kai tsayin da aka tsara musu ba, ga shi kuwa tsarinta, ganuwa cikin ganuwa, ya fi na kowacce kyau a yankin.

Baban Ummi: Baba, da mutum sama da dubu biyu, me zai hana a gama cikin shekara ɗaya a huta?

Ɗan Magina: Bari in amsa wa Baba wannan. Yawan hannu ba ya sa kwaɓi ya bushe. In ka ɗora nauyi da yawa a kan sahun da bai kama ba, cikin bangon ya motsa, ya turo fuskokin waje, bango ya yi ciki. Shi ya sa a daminar gini ɗaya ba a cika wuce mita uku zuwa huɗu na tsayi ba. Ga kuma hunturu. Ruwan da ke cikin ɗanyen kwaɓi in ya daskare sai ya kumbura ya mayar da shi gari. Saboda haka daga wajen Afrilu ake aiki zuwa Oktoba ko Nuwamba, sannan a rufe kan bangon da ciyawa da taki, a sallami yawancin mutane, a bar masu sassaƙa suna shirya duwatsun baɗi a rumfa.

Wani abin da ke kawo aibu shi ne rashin ɗaure fuska da ciki. Dole lokaci-lokaci a sa dogon dutse wanda kansa ke fuska, jelarsa ta nutse cikin tarkacen. In magini ya yi rowar wannan, bayan shekaru ruwa ya shiga tsakani, fuskar ta ɓare gaba ɗaya ta bar cikin tsirara.

Mai son ganin wannan da idonsa, a Guédelon da ke yankin Burgundy na Faransa tun 1997 ake gina kagara da kayan aikin ƙarni na 13. Dutse daga wurin, itace daga dajin wurin. Awonsu igiya ce mai ƙulli 13, wato gaɓa 12 daidai wa daida. In ka lanƙwasa ta gaɓa uku, huɗu, biyar, ka sami kusurwar gini cif. Ɗaga dutse kuwa da babbar ƙafar katako ce da mutum ke tafiya a cikinta tana naɗe igiya.

Malam Na-Tarihi: Abin da ya sa sarakuna suka jure wannan kashe kuɗi shi ne arahar tsaro bayan an gama. Harlech, da aka gina daga 1283 zuwa 1289 a kan fam dubu takwas da 'yan kai, mutum talatin da wani abu ne ke tsaronta. A tawayen 1294 zuwa 1295 an datse ta ta tudu, amma tana da matakala da ta gangara daga dutsen zuwa bakin ruwa, jirage suna kawo abinci. Mai ƙawanya yana ciyar da ɗaruruwa a fili cikin ruwan sama da gudawa, na ciki yana ciyar da talatin. Yawanci ma ba a kai ga rushe komai. A yi yarjejeniya: in taimako bai zo muku ba zuwa rana kaza, ku buɗe ƙofa ku fita da ranku.

Ɗalibi: To igwa ce ta kawo ƙarshensu ke nan?

Injiniya: Ta kawo ƙarshen dogon bango, ba ƙarshen kagara ba. Tsayi an yi shi ne don tsani da masu hawa. Da igwa ta ƙware, tsayin ya zama aibi: a yi ta dukan gindi a layi ɗaya har a yanke shi, nauyin sama ya ƙarasa aikin, tarkacen kuma ya cike gwalalo ya zama gangarar hawa. A 1449 zuwa 1450 Faransawa suka ƙwace Normandi daga Ingilishi gari bayan gari da igwa. A 1494 Charles na Takwas ya shiga Italiya da igwogin tagulla da dawaki ke ja, masu harba dunƙulen ƙarfe maimakon dutse. Martanin magina a Italiya shi ne a rage tsayi, a ƙara kauri, a cika bayan bango da ƙasa, a yi kusurwoyi masu tsini kamar kan mashi yadda kowace fuska wata igwar tana kare ta. Ka ga kusurwa ta dawo, zagaye ya tafi, don a gaban zagayayyar hasumiya akwai ɗan fili da igwogin gefe ba sa gani.

Dattijo: Batun ƙasa kuwa ba sai mun je Italiya ba. A Fabrairun 1903 da Turawa suka iso Kano da igwoginsu, harbin ganuwa bai yi musu komai ba, kaurin ƙasar ya shanye. Ƙofa suka koma suka fasa. Dutse yana tsagewa ya watsa ɓaraguzai, ƙasa kuwa haɗiye harsashi take yi.

Maman Hanif: Gaskiya ne Baba. Kuma a tuna kangwaye da yawa ba a fagen yaƙi suka zama kango ba. Bayan yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, majalisa ta sa aka lalata kagarori da gangan don kada a sake fakewa a ciki. Corfe a 1646 haka aka yi mata, da rami da albarushi. Babbar hasumiyar Coucy a Faransa, mai tsayin mita 55, ta tsaya tun shekarun 1220 har 1917, lokacin da sojan Jamus suka tashe ta da tan 28 na nakiya suna ja da baya. Saura kuma maƙwabta ne suka kwashe duwatsun fuska suka gina gidajensu.

Ɗan Magina: Akwai mai ɓarna na baya-bayan nan da ba a cika ambata ba: gyara da siminti. A ƙarnin da ya wuce an cike gaɓoɓin tsofaffin bangaye da yawa da shi, da niyyar alheri. Kwaɓin farar ƙasa ya fi dutse laushi, ruwan da ya shiga bango ta gaɓa yake fita, in gini ya ɗan motsa gaɓar ce ke ba da kai. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin ruwa ya fita. Sai laimar ta nemi hanya ta jikin dutsen, sanyi ya daskarar da ita, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, simintin ya rage a tsaye kamar raga. Yanzu masu kula da irin waɗannan gine-gine ƙwaƙule shi suke yi da hannu, da kurfi da guduma, ba da injin yanka ba don kada a ci bakin dutse. Zurfin da ake cirewa kamar ninki biyu na faɗin gaɓar. A wanke ƙura, a jiƙa, a cusa kwaɓin farar ƙasa a danna sosai, in ramin da zurfi a yi shi hawa-hawa. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwanaki, don in rana ko iska ta busar da shi da wuri, sama ta yi ɓawo ciki yana gari, damina ɗaya ta wanke shi.